Mu da Hayaƙinmu

A lungunmu ba sai kin duba waya ba kafin ki san inda rana ta kai, hancinki ma ya ishe ki. Da assalatu ƙaurin kara ne daga gidan mai koko, ya biyo katanga ya shigo ta taga. Gari na wayewa na mai ƙosai ya karɓe shi, sai na ɗumame. Da la'asar kowane gida ya ɗora sanwar tuwon dare, hayaƙi ya tashi gida-gida ya haɗe a sama kamar rumfa. Bayan magariba mu zuba turaren wuta a kasko, bayan isha mu kunna igiyar leko mu tura ƙarƙashin gado, in an ɗauke wuta mai shagon bakin layi ya tayar da janareto. Tsakanin wannan da wancan kuma ba a rasa wanda ya cinna wa bola wuta. Haka muka taso, haka kuma muke rainon namu.

Abin da ya tayar da zancen nan sunan da aka yi ne a gidan maƙwabtanmu cikin hunturun nan. Tun da sassafe muka hallara girki, murhu huɗu a tsakar gida, manyan tukwane na aro. Itacen da aka sauke ɗanye ne, an faskara shi amma cikinsa da lema, sai tsiyayar ruwa yake ta gindi yana kumfa. Da wuta ta ƙi kamawa, aka yi abin da kullum muke yi: wata ta tattaro ledojin ruwa, wata ta kawo tsinkakken silifa, aka cusa ƙarƙashin itacen aka ƙyasta ashana. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe, mai maƙaƙi a maƙogwaro, muka ja baya muna tari muna dariya. Wadda ta rage a bakin murhun amaryar gidan da ke kallon namu ce, da cikinta wata bakwai. Ta durƙusa da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu, tana hura wutar da baki, hawaye na bin kumatunta tana sharewa da bakin zane.

A haka Anti Nas ta shigo ta same mu. Ma'aikaciyar jinya ce, duk unguwa da wannan sunan ake kiranta, kuma ba ta da yawan faɗa. Ranar kuwa ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Amarya, taso daga nan. Taso, ki koma can bakin zaure inda iska ke shigowa."

Gwaggo, wadda ita ce babba a wurin, tana zaune a kujerar tsuguno tana tankaɗe. Ta ɗago ta ce, "Haba 'yar nan, bar ta ta motsa jini mana. Mai ciki in ta zauna haihuwa ke yi mata gardama. Hayaƙi ai ido kawai yake ci, in ta wanke fuska shi ke nan."

"Gwaggo, motsa jiki kam gaskiyarki ne," in ji Anti Nas. "Ta yi shara, ta yi tafiya, ta yi wanke-wanke. Amma da a ido kaɗai hayaƙin nan yake tsayawa, wallahi da ban ce komai ba."

Wannan magana ta Gwaggo, ita ce maganarmu duka. Mun ɗauki hayaƙi abin ido ne, in ya yi yawa abin tari. Wadda ta yi ƙorafi ma sai a ce raki gare ta, ko 'yar boko ce ba ta iya wahala ba. Ni kaina shekara da shekaru ina kallon kunkunniyar da ta rine rufin kicin ɗinmu, ina sa yara su kakkaɓe ta duk sallah, ban taɓa tsayawa na ce, to wannan da ya manne a langa-langa ke nan, ina wanda na shaƙa?

Anti Nas ta ja tabarma ta zauna, ta zare silin gashi ɗaya daga goshin wata yarinya ta ɗaga mana. Ta ce mu dubi kaurinsa, mu raba shi gida talatin a zuci. Kashi ɗaya daga ciki shi ne girman ƙwayoyin da ake magana a kai, waɗanda masana ke kira PM2.5, da yawansu ma ba su kai haka ba. Ƙura mai girma gashin hanci da majina suna tare ta, shi ya sa in kin fyace bayan shara kike ganin baƙi. Waɗannan ƙananan kuwa ba mai tare su. Suna wucewa har can ƙuryar huhu inda iska ke haɗuwa da jini, mafi ƙanƙantarsu su tsallaka cikin jinin. Jiki ya gan su baƙi, ya tashi faɗa da su, kuma faɗan ne ke jawo kumburi a bangon jijiyoyin jini. Jijiyoyin su tsuke, jini ya riƙa saurin yin gudaji, zuciya ta ƙara ƙarfin bugu don ta tura shi. Yau kaɗan, gobe kaɗan, shekara ashirin ana haka.

Daga baya na je na karanta da kaina, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya ne. Ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida, na girki da ɗumama ɗaki, ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya. Da an tambaye ni, da na ce duk ciwon huhu ne. Ashe kusan kashi ɗaya cikin uku ciwon zuciya ne, kusan ɗaya cikin huɗu kuma shanyewar ɓarin jiki. Wato fiye da rabi ta hanyar jini abin ya bi. A 2021 hukumar ta rage ma'aunin da ta ce bai kamata iska ta wuce ba, daga mikrogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska, in an ɗauki matsakaicin shekara. Kicin ɗin itace marar taga kuwa yana iya ninka abin da aka yarda da shi sau ɗari. Wa ke tsaye a cikin wannan kicin safe, rana da dare? Mu ne, da goyo a bayanmu.

Gwaggo ba ta sauka daga kan bakanta da wuri ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta ce, "To mu da muka tsufa a bakin murhu fa? Uwata ta haifi goma sha ɗaya, da kara da kandilo ta yi girki har ta bar duniya."

"Allah Ya jiƙan Iya," muka ce gaba ɗaya.

Anti Nas ta ce, "Amin. Amma Gwaggo, a ina Iya take girkin? A fili, gida kamar gona, iska ta ko'ina. Ba leda, ba taya, ba janareto. Dubi yadda muke yanzu, gida ɗaya an yanka shi uku, katanga ta kai rufi. Sannan ki tuna min, cikin sa'o'inta nawa ne aka ce sun faɗi a banɗaki baki ya karkace? Nawa ne aka ce kumburi ne, ko ciwon ƙirji?"

Gwaggo ta yi shiru tana kaɗa rariya. Can ta fara lissafa su a hankali, da sunayensu, har ta kai huɗu. Mu dai waɗanda suka daɗe muke ƙirgawa, sauran mun ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne kwana ne, sai dai kowane kwana da sanadinsa.

Akwai wani bincike da ya shafi irin su Gwaggo kai tsaye. A Amurka an bi mata fiye da 65,000 waɗanda suka daina al'ada, a birane 36, tsawon kimanin shekara shida, aka fitar da sakamakon a 2007. Duk inda ƙwayoyin nan suka ƙaru da mikrogiram 10 a iskar unguwa, haɗarin bugun zuciya ko shanyewar jiki ya ƙaru da kashi 24 cikin 100, haɗarin mutuwa ta wannan hanya kuma da kashi 76. Kuma fa wannan iskar titi ce kawai, matan nan ba sa tuƙa tuwo a kan ɗanyen itace.

Amma inda hira ta yi zafi shi ne kan masu ciki, don kowaccenmu tana da abin da ta tuna. Mai ciki jinin jikinta yana ƙaruwa da kusan rabi, zuciyarta na aikin mutum biyu, numfashinta ma ya fi na da yawa, don haka abin da take zuƙa a awa ɗaya ya fi na wadda ke gefenta. Da can ana zaton mabiyiya katanga ce, abin da ke waje ba ya kaiwa ga ɗa. A 2019 masu bincike a Jami'ar Hasselt ta ƙasar Beljiyam suka duba mabiyiyar mata bayan haihuwa, suka ga ƙwayoyin baƙin hayaƙi a gefen da ke fuskantar jariri, kuma matan da ke zaune inda iska ta fi lalacewa nasu ya fi yawa. A 2022 su da takwarorinsu na Aberdeen a Sukotland suka ga irin ƙwayoyin a huhu da hanta da ƙwaƙwalwar 'yan tayi. Yaro bai ja numfashin farko ba, kunkunniya ta riga ta isa gare shi. Da Anti Nas ta faɗi haka na ga amarya ta ɗora hannu a kan cikinta, ba ta ce komai ba.

Abubuwan da ake dangantawa da wannan duk mun san su, sunayensu a bakinmu suke: hawan jinin masu ciki wanda in ya yi tsanani yake kaiwa ga jijjiga, haihuwar bakwaini, jariri ɗan mitsitsi ko da watanninsa sun cika, ɓari, da ɗan da ya zo ba rai. Ba hayaƙi kaɗai ke kawo su ba, kowa ya sani. Maleriya na nan, ƙarancin jini na nan, rashin zuwa awo na nan. Amma hayaƙi yana cikin sahun, kuma shi ne ba ma saka shi a lissafi.

Wani zai ce duk wannan labarin Turawa ne. To a Ibadan ma an gwada. Likitocin Jami'ar Ibadan da na Jami'ar Shikago sun ɗauki mata masu ciki 324 waɗanda ke girki da itace ko kananzir. Aka raba su biyu, rabi aka ba su murhu mai amfani da itanol, man da ake tacewa daga irin su rake da rogo, rabi suka ci gaba da abin da suka saba. A awon ƙarshe kafin haihuwa, wajen 6 cikin 100 na masu itace da risho jininsu ya hau, masu sabon murhun kuwa wajen 2 cikin 100. An buga wannan a 2017. Ki lura, har risho yana ciki, wanda muke ɗauka girkin 'yan gayu ne da can.

Sai dai kada in yi muku alkawarin da ba nawa ba. An yi wani gwajin da ya fi wannan girma, mata masu ciki 3,200 a Ruwanda, Indiya, Feru da Gwatemala, aka ba rabinsu gas kyauta. Hayaƙin da suke shaƙa ya ragu sosai, amma da aka auna jariran, nauyinsu bai bambanta da na sauran ba. Ni abin da na ɗauka a nan shi ne, tukunyar gas ba laya ba ce. Ba za ta maye gurbin abinci mai kyau da gidan sauro da zuwa awo ba. Kuma in ke kin daina, hayaƙin maƙwabciya ba ya neman izini kafin ya hauro katanga. Shi ya sa nake cewa "mu", don abin na lungu ne gaba ɗaya.

Can a gidan suna, da aka ambaci gas sai wurin ya kaure. Maman 'yan biyu ta ce, "Yaya, wane gas? Tukunyarmu tana nan bayan ƙofa, yara ke zama a kai." Gaskiyarta. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, naira ta faɗi, komai ya tashi, gidaje da yawa a lungun nan da suka fara gas suka koma gawayi, masu gawayi suka koma itace, masu itace suka koma kara da buntun shinkafa da duk abin da zai ci wuta. Ba wadda ke son hayaƙi don daɗinsa. Wasu kuma tsoron fashewa ne ya hana su, kuma tsoron ba na banza ba ne in tiyo ya tsufa ko an bar yara da shi. Gawayi ya fi itace sauƙin hayaƙi, wannan haka ne, amma yana da nasa mugun halin. Yana fitar da wata iska marar launi marar wari, irin wadda janareto ke fitarwa, wadda in ɗaki a rufe yake take kwantar da mutane barcin da ba tashi. Duk shekara muna jin labarin gidan da aka wayi gari haka.

A nan ne nake da magana da mazajenmu, kuma da gaske nake. In za a gina gida, falo ake fara aunawa, sai ɗakuna, abin da ya rage a lungu kusa da banɗaki shi ne kicin. Wani ko taga babu, wani ɗan rami ne a sama wanda gizo-gizo ya toshe. Maigida shi ke sayo makamashi, shi ke zaɓar mai araha, amma lokacin da ake hura shi yana majalisa a waje. Ban ce mugunta ba ce. Bai taɓa tsayawa a ciki minti goma ba ne. Malam, ka shiga sau ɗaya lokacin talge, ka tsaya har a kwashe. Kuɗin fasa taga biyu masu kallon juna bai kai na jinya a gadon asibiti ba. In itace za ka saya, sayo busasshe, ko ka sayo da wuri a jingine shi ya sha rana. Janareto kuma a nisanta shi da tagar ɗakin da ake kwana.

Hazo dai ba mu muka kawo shi ba. Mafi yawansa daga wani kwari yake tasowa a arewacin Chadi, Bodele, inda a zamanin da ƙasan babban tafki ne, yanzu ya bushe ya zama gari kamar alli. Iskar arewa maso gabas ta kwaso shi ta sauke mana daga Disamba zuwa Fabrairu, wani lokaci har jirgi ya kasa sauka a Kano. A cikinsa ma akwai ƙananan ƙwayoyin nan. Abin da muke yi kuma shi ne, saboda sanyi da ƙura sai mu toshe ko'ina, mu shigo da kurfoti ɗaki, mu zauna mu kewaye shi. Mun gudu daga na waje mun kulle kanmu da na ciki. Ga sharar safe da muke yi a busasshiyar ƙasa ba yayyafi, ƙura ta tashi har ba ka ganin mai tsintsiyar.

Turaren wuta kuwa, kada ma wata ta ce na ce a bari. Ni kaina ba na iya kwana ɗakina bai ji shi ba, kuma haɗin da ƙawata ke aiko min daga Maiduguri ko 'yata ba na ba. Amma ƙamshi bai hana shi zama hayaƙi ba. Ana iya turara ɗaki ba kowa a ciki, a bar shi ya kama labule da shimfiɗa, a buɗe taga ya fita, sannan a shigo da yara. Kaya a ɗora su a kabbasa a tsakar gida. Igiyar leko ta fi ba ni tsoro. Wani bincike na 2003 ya auna irin waɗanda ake sayarwa a Asiya, ya ga guda ɗaya in ta cinye tana fitar da ƙwayoyin nan daidai da taba sigari 75 zuwa 137. Mu da ko ɗan haya ba ma yarda ya sha taba a zaure, mu ne muke kunna wannan a gefen katifa mu ja ƙofa, ga gidan sauron da aka ba mu a wajen awo yana ninke a cikin leda, ko an kewaye shukar alayyahu da shi.

Bayan azahar, an sauke tukwane, muka shiga yi wa maijego barka. Tun daga bakin ƙofa zafi ya buge ni. Taga a rufe, an ƙara mata zane a kai don kada iska ta shigo. Kasko biyu a ƙasa, ɗaya garwashin jin ɗumi, ɗaya na turare yana ta tashi. Hasken da ya ratso ta gefen labule ya zama kamar sanda, kana ganin hayaƙin yana juyawa a cikinsa. Maijego tana jingine, ta sha wanka ta sha kunun kanwa, tana haki kaɗan-kaɗan, jaririyar kwana bakwai a cinyarta an naɗe ta har ka. Duk abin da ke ɗakin nan ƙauna ce ta kawo shi. Ba wanda ya fi maijego gata a wurinmu, kuma a kwana arba'in ɗin nan ne muke tara mata hayaƙin da ya fi na kowane lokaci.

Ga shi kuwa zuciyar maijego a ƙasar nan tamu abar lallaɓawa ce. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, ƙafa ta kumbura, numfashi ya gagara in an kwanta, kuma har yau arewacin Najeriya na cikin inda wannan ciwo ya fi yawa a duniya. Na farko sun zargi kanwa da zafin wanka da gashi, binciken da aka yi a Kano daga baya ya fi karkata ga ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam da rashin wadataccen abinci. Ban ce hayaƙi ne ke kawo shi ba. Abin da nake cewa, zuciyar da ta ɗauki kayan wata tara, tana neman ta huta, ba ita ce za a ƙara wa wani kayan ba. Kuma maijegon da ke haki in ta kwanta, ko ƙafarta ta ƙi saɓewa, asibiti za a kai ta ranar, ba ƙarin ruwan zafi ba.

Anti Nas ba ta ce uffan ba a ɗakin, ta dai tsaya daga bakin ƙofa. Gwaggo ce ta shigo bayanmu da sandarta, ta tsaya ta dubi kaskon, ta dubi jaririyar, ta yi tari sau biyu. Sai ta ce da wata jikarta, "Ke, ɗauke min wannan ki kai tsakar gida, ki dawo ki ɗauki ɗayan." Ta miƙa sandar ta zame zanen da ke kan tagar, ta tura murfi ɗaya. Iska mai sanyi ta shigo, uwar maijego ta ce, "Gwaggo, sanyi fa!"

"A sa mata hula da safa," in ji Gwaggo. "Ke kuma a ƙara miki bargo. Da magariba a rufe."

Da na fito, na tarar da amarya a bakin zaure inda aka ce ta zauna, da faranti a cinya tana yanka albasa da kabeji, hawaye na zuba kamar ɗazu. Maman 'yan biyu ta karɓi murhun shayi, ta tsinci wata leda za ta cusa, ta tsaya da ita a hannu, sannan ta kira ɗanta ta ce ya je gidan mai koko ya roƙo mata garwashi a murfin kwano.